Zaren Hula da Tsuntsayen Eleyele

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a bakin kawunnanku, wai babanku ne ya raba ni da iyayena, ya ja ni ya fitar da ni titi ido na ganin ido, saboda tsuntsu. Tun yana raye nake cewa ba haka aka yi ba. Ba wanda ya saurare ni, domin a unguwar Sabo ta wancan zamani in mace ta yi abu mijinta ake tambaya, ita ko kallo ba ta ishi kowa ba. Shi kuma, Allah ya jiƙansa, kun san halinsa, ko ƙafarsa aka taka shi ne zai ce a yi haƙuri. To ni ba haka nake ba. Zan faɗa muku yadda aka yi, wanda ya ga dama ya je ya yi musu da takarda.

A Sabon Badun aka haife ni, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, a gidan Baba, kakanku Alhaji. Mai gida ne a harkar goro. Fatake in sun zo daga Arewa a wurinsa suke sauka, shi ke ba su ɗaki da abinci, shi ke haɗa su da dillalan da za su shiga ƙauyukan Yarabawa su sayo goro, a ɗaure huhu a loda a mota. Sana'ar gaba ɗayanta a kan yarda take tsaye. Mutum zai bar maka dukiyarsa ya yi wata da watanni bai waiwayo ba, don haka kafin ya sauka a gidanka sai ya bincika yadda kake riƙe da naka gidan. Baba yana da wata magana da yake ji da ita, yakan faɗe ta a zaure har mu jiyo daga ciki, cewa rana ba ta taɓa ganin mayafin matar gidansa a titi ba. Kada ku ɗauka mugu ne. Ban taɓa ganin mai kyauta irinsa ba, kuma ko tsawa bai cika yi mana ba. Amma wannan magana ita ce jarinsa. Ina yarinya na yi tallar goro a unguwa, iyakacina bakin titin Mokola, in na hango shataletale sai in juyo. Da aka yi mini aure kuwa shi ke nan, sai tsakar gida. In an yi haihuwa ko rasuwa a maƙwabta, bayan magariba ake raka mu, kai a ƙasa. Inna ce ke tuƙa tuwon baƙi, ana miƙo kwanuka ta zaure tana zubawa, ta san cikin kowane baƙo amma ba ta san fuskar ko ɗaya ba.

Babanku a gidan ya tashi. Mahaifinsa dillalin Baba ne, da ya rasu sai Baba ya riƙe yaron, ya so ya ɗora shi a kan goro, amma hannunsa bai karɓi sana'ar ba. In an aike shi ƙauye sai ya tsaya kallon sheƙar marai a bishiya har mota ta tafi ta bar shi. Daga baya ya liƙe wa wani Ibo mai shagon hoto a Mokola, Oga Bonifas, ya koyi ɗauka da wanki. Baba ya girgiza kai, amma duk da haka ya ba shi ni, ya kuma ba mu ɗaki ciki da falo a ɓangaren baya. Ni ma ba ƙi na yi ba, tun ina talla yake sayen goron da ba ya ci. Aikinsa na ranakun mako hoton fasfo ne da na biki da suna. Ranar Lahadi kuwa da an idar da asuba zai ɗaure akwatin hoto a bayan keke ya nufi daji, wani lokaci kurmin Agodi, wani lokaci kan tudun Mokola, amma ya fi zuwa bakin tafkin Eleyele. Ya dawo da azahar wando duk laka, sauro ya yi masa kaca-kaca, yana murna kamar wanda aka yi wa bushara. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Mai Balbela. Wata rana Baba ya tare shi a zaure ya ce:

"Hoton fasfo na ji, lalura ce, sai da shi ake zuwa Makka. To shi zalɓe ina za shi?"

Baƙi suka yi ta dariya, shi ma ya taya su, ya shigo da kekensa.

Hoton lokacin fari da baƙi ne. Ranar da ya fara nuna mini wani tsuntsu ya ce duk dajin ba mai kyansa, na duba na ce ni dai toka nake gani da gawayi. Ya yi ta bayani, wuyansa kaza ne, bayansa kaza ne, na ce ban gane ba. A lokacin ina ɗinkin hula, ga kwandon zarena a gefe, sai ya sa hannu ya zaro wani kore mai duhu ya ce kamar wannan. Daga nan abin ya samo asali. Na sami guntun kara na nannaɗe masa kowane launin zare da nake da shi, yana tafiya da shi a aljihu. In ya ɗauki tsuntsu ko fure, sai ya ɗaga karan yana gwadawa daga nesa, zaren da ya dace ya yi masa ƙulli. Ƙulli ɗaya na kai ne, biyu na fiffike, uku na ciki. Ya sayo mini ruwan launi a 'yan kwalabe irin wanda ake shafa wa kumatun amare a hoto, ni kuma in naɗa auduga a tsinke in zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ina bin ƙullin ina shafawa. Haka na san jan furen gurjiya, da farin bado mai rawaya a tsakiya, da cilakowa, da ragon maza mai jan ido, da wani mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado bai nutse ba. Turawa da malaman makaranta suna saye a shago, ba su san hannun da ya shafa launin bai taɓa zuwa wurin ba. Shekara shida muna haka. In kun tambaye ni lokacin da na fi jin daɗin aure, wannan ne, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Tun kafin a fara yaƙin basasa ƙasa ta ɓaci. An yi kashe-kashe a Arewa, Ibo suka yi ta komawa gida. Oga Bonifas ya kwashe iyalinsa, ya damƙa wa babanku mabuɗin shago ya ce ya riƙe masa har ya dawo. Ya kuwa dawo bayan yaƙi, a rame, ya tarar da shagonsa har tsintsiyar bayan ƙofa, amma a lokacin wa ya san zai dawo? A Gabas kuma aka huce a kan namu. Ƙanin Baba da ke fataucin shanu a can ya iso Sabo da riga ɗaya a jikinsa, kuma har ya bar duniya bai ƙara yin doguwar magana ba. Wannan ne ya karya zuciyar Baba. Da damina ta yi nisa sai aka wayi gari ana cewa sojojin Gabas sun iso Ore, saura ƙiris su shigo Badun. Kowa ya kasa kunne a rediyo, kowa da abin da ya jiyo. Wasu suka ce in sun shigo da Sabo za su fara, wasu suka ce Yarabawa za su juya mana baya. Tsakanina da Allah ba maƙwabcin da ya yi mana ko kallon banza, Iya mai kawo mana manja ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Amma tsoro ya riga ya shiga, kullum sai an ji wani gida ya loda mata da yara a mota.

Wata Laraba da la'asar Baba ya kira babanku zaure. Na laɓe a bayan asabari, kada ku ce ba kyau, maganar rayuwata ake yi.

"Mota za ta tashi ranar Asabar," in ji Baba. "Na sallama gidajen, Kano za mu koma, ba kuma dawowa zan yi ba. Ka haɗa kayanka."

"Alhaji, a yi mini afuwa. Mabuɗin mutum yana hannuna."

"Ka ba wani."

"Ni aka ba, Alhaji. Kuma ni ban san kowa a can ba. Nan aka binne mahaifina."

Baba ya ja carbinsa, ina jin ƙararsa. Can ya ce:

"To zauna da mabuɗinka da tsuntsayenka. Amma 'yata da jikokina ba zan bar su a bakin wuta ba. Kuma ba na ajiye 'ya a gari ɗaya igiyar aurenta a wani gari. In ba za ka bi ta ba, ka sawwaƙe mata."

"Ba zan riƙe ta ba, Alhaji. Amma bakina ba zai furta ba. Ita ta zaɓa."

"Ita ta zaɓa?" Baba ya yi wata 'yar dariya, ba ta mugunta ba, ta mamaki. "Azumi ce za ta zaɓa? To, madalla."

Da ya shigo ɗaki ban bari ya zauna ba. Raina a ɓace yake da su duka biyun, amma shi ne a kusa. Na ce sannu da adalci, an ɗauko dutse an aza mini a ka an ce ni na zaɓa. Na ce kai kana da garin da za ka zauna dominsa, ka san tudunsa ka san ruwansa, ka san inda kowane tsuntsu yake kwana. Ni me nake da shi a Badun? Ɗaki da tsakar gida da igiyar shanya. Tsakar gida kuwa a Kano ma akwai ta, har da uwata a ciki. Ya sunkuyar da kai, ya ce ai ina da hotunan. Wallahi nan ne na ƙara tunzura. Na ɗauko wanda nake shafawa, na badon Eleyele, na ɗaga masa a fuska.

"Takarda ce wannan, Malam. In bar uwata da ubana saboda takarda? In har zaɓi aka ba ni, to sai na ga abin da nake zaɓa. Ka kai ni."

"Ina?"

"Inda kake zuwa."

Ya kalle ni kamar na ce ya kai ni duniyar wata. Ya ce in bari bayan magariba sai a san dabara. Na ce bayan magariba me ake gani? Kai da bakinka ka ce bado da safe yake buɗewa. Ya ce Azumi, gidan nan ƙofa ɗaya gare shi, kin san abin da zai biyo baya, Alhaji ne ya riƙe ni tun ina tsumma. Na ce na sani, ubana ne. Ya kwana biyu yana lallashina in janye, yana kawo mini dalilai, ni kuma na kafe. To kun ji wanda ya ja wani.

Ranar Juma'a da gari ya waye tangaran na goya Kabiru, lokacin yana jariri, na bar babbar yayarku a ɗakin Inna tana barci, na yafa mayafi. Baba bai dawo daga masallaci ba, amma zaure cike yake da baƙi suna shan koko. Babanku ya yi sallama ya wuce, na bi bayansa. Ban ɗaga kai ba, amma na ji ludayi ya tsaya a kowane kwano. Da ƙafata ta taka titi hasken ya yi mini yawa, sai na ga kamar duk Sabo ni take kallo, kuma ba kamar ba ne, kallona take yi. Ya tare tasi a bakin Mokola. Duk hanya ina riƙe da ƙofar motar da hannu biyu, direban yana ta yi wa babanku hira da Yarabanci a kan yaƙi, ni kuwa idona yana waje. Ashe garin hawa da gangara ne! Ashe rufin kwano ja yana tafiya har inda ido ya ƙare! An haife ni a cikinsa, na haifi 'ya'ya a cikinsa, ban sani ba.

Ba mu bi ta wajen madatsar ruwan ba, don an ce akwai sojoji masu gadi. Muka sauka a gefen masunta muka bi wata 'yar hanya cikin ciyawa mai raɓa, zanena ya jiƙe har gwiwa. Abin da ya fara buguna ba gani ba ne, ƙara ce. Shekara shida ina shafa wa marai rawaya, ban taɓa sanin haka suke da surutu ba, bishiya guda tana ta tafasa da su kamar gidan biki. Ga warin laka da kifi, ga wani ƙamshi mai sanyi da ban san daga ina yake ba. Sai ruwan ya bayyana. Na tsaya na kama ƙugu na ce:

"Malam, wannan ne ruwan da kake ƙulla mini shuɗin zare a kansa? Wannan ai kunun kanwa ne!"

"Damina ce. Da rani yana yin shuɗi."

"Shekara shida kana cutata."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji dariyarsa tun kafin Oga Bonifas ya tafi. Sa'an nan ya nuna mini mai dogayen yatsun nan yana takawa a kan ganyen bado. Ni duk zatona ya kai zakara girma, don a takarda shi ke cika hoton, ashe ɗan mitsitsi ne, bai fi budurwar kaza ba. Zalɓe kuma da nake rainawa ya miƙe daga cikin ciyawa, fiffikensa ya fi faɗin hannuwana. Badon ya buɗe fari tas har tsakiyar ruwa, ba guda ba, ba goma ba. Wani ɗan ƙaramin tsuntsu ya sauka a kan jan fure kusa da ni yana tsotsa. Na san shi, na sha shafa masa kore. Ya juya wuya sai koren ya koma shuɗi, ya sake juyawa ya koma kamar an watsa masa garwashi. Na tambayi babanku wane zare zai ƙulla wa wannan. Ya ce shi ma abin da ya daɗe yana damunsa ke nan, shi ya sa wani lokaci nake ganin ƙulli a zare biyu. Sai hawaye suka zubo mini, na rasa na daɗi ne ko na haushin shekarun da suka wuce.

Amma ba tsuntsu ne ya tsayar da ni a Badun ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Mutumin da na gani a bakin ruwan ne. A gida babanku yaron Alhaji ne, yana tafiya a gefen bango, yana cire takalmi tun daga nesa, ana yi masa dariya yana tayawa. A can kuwa masunta suka taso daga cikin kwalekwale suna kiransa Baba Onifoto, wato mai hoto, wani yana jan hannunsa ya zo ya ga inda wata tsuntsuwa ta yi ƙwai, wani yana tambayarsa ko ruwa zai ƙara hawa bana. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta shimfiɗa mini buhu, ta ce ashe ni ce iyawo, wato matarsa, mai hannun launi, ya daɗe yana ba su labarina. Na zauna ina ba Kabiru nono ina kallonsa. Ya kwanta rub da ciki a cikin laka, ido a akwatin hoto, ko motsi ba ya yi, sauro na cizonsa bai kore ba. Ya daɗe a haka, don kawai ɗan tsuntsun nan ya juyo. Sai na gane cewa duk Lahadin duniya haka yake kwanciya, kuma kafin wani Bature ya ga hoton ni ake fara kawo wa. Na yi tunanin Kano. Shi in ya je can ba shi da ruwa ba shi da shago, sai gefen bango har ya mutu. Ni in na je ba shi, zan sami tsakar gida da igiyar shanya, amma ba mai shigo mini da waje a aljihu. Ina son Inna kamar raina, ina tsoron sojojin da ake cewa suna tafe, amma na san ba zan hau motar nan ba. Da ya tashi yana kakkaɓe laka na ce masa ya nemo mana ɗaki.

Da hantsi muka dawo. Baba yana zaune a zaure a kan buzunsa, baƙi sun kewaye shi. Na durƙusa na gaishe shi. Na shirya wa faɗa, na shirya wa mari ma, ko da yake bai taɓa marina ba. Bai kalle ni ba. Ya juya ga na kusa da shi ya ce:

"Wace ce wannan?"

Na ga a safiya ɗaya ya tsufa. Baƙin nan 'yan Arewa ne, labarin zai riga shi isa Kano inda yake shirin kafa sabon zaure, na san haka tun kafin in fita. Na ce Baba ni na ce a kai ni, ba laifinsa ba ne. Ya ce wa babanku, ba ni ba, kafin motar ta tashi gobe ya kwashe iyalinsa daga gidan, kuma kada a zo masa sallama. Babanku ya durƙusa ya ce to, Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Daga ranar ne unguwa ta ɗora masa laifin, ya kuma ɗauka bai taɓa saukewa ba.

Da yamma, lokacin da maza suka tafi zikirin Juma'a, ina ɗaure kwanuka a zane sai ga Inna. Tun daga tsakar gida ta fara, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta ce na tona musu asiri, na zubar da mutuncin da aka yi shekaru ana tarawa, ta ce da ta san haka zan zama da ta bar ni da tallar goro har in tsufa. Ta shigo ɗakin tana faɗa, ta saki labule, ta zauna a bakin gado. Sai ta bar faɗan. Ta ɗauki Kabiru ta aza a cinya tana gyara masa wuyan riga. Can ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ta ce:

"Yaya wajen yake?"

Na kalle ta. Tana amarya aka kawo ta daga ƙauyensu a gefen Gwarzo, da duhu aka shigo da ita gidan, ta fi shekara talatin a Badun. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na faɗa mata komai, tudu da gangara, jan rufin kwano, surutun marai, ruwan da ya yi kalar kunu, tsuntsun da ke sauya riga in ya juya wuya. Ba ta katse ni ba, sai dai ta ce, "Kai!" ko ta ce, "Ikon Allah." Da aka fara kiran magariba ta miƙe ta ba ni yaron, ta kwance bakin zanenta ta ba ni 'yan kunnenta na aure. Ta ce in riƙa sa wa yara kanwa a kunu in damina ta yi nisa, in kuma rage baki, ba kowane miji ne zai ɗauka ba. Ta ɗaga labule ta fita, tana kaiwa tsakar gida ta ci gaba da faɗan daga inda ta tsaya.

A daren muka koma wani ɗaki guda a Mokola, bayan shagon, a gidan wata Bayarabiya. Da safe na ce wa babanku an hana ni zuwa sallama, amma ba a hana ni tsayawa a titi ba. Duk motar da za ta Arewa sai ta zagaya shataletalen Mokola kafin ta hau hanyar Ojoo. Na goya Kabiru na riƙe hannun yayarku na je na tsaya. Mun daɗe, rana ta fara zafi. Sai ga motar, na gane ta don Baba yana gaba kusa da direba, idonsa a kan hanya. Bayan motar an rufe shi da tamfol an ɗaure da igiya ta ko'ina, don mata ne a ciki. Ta zagaya a hankali ta gabana, kusa har ina jin zafin injin. Na kira Inna, ƙarar motoci ta haɗiye muryata. Ban ga komai ba sai tamfol, ta miƙe hanya ta tafi.

Sojojin da ake tsoro ba su taɓa shigowa Badun ba. Baba ya yi fushinsa na shekaru, sai da ya kwanta ciwon ajali ya aiko a ce ya yafe, na je na same shi da sauran numfashi, na gode wa Allah da wannan. Inna kuwa ba ta jira ba. Tun yaƙi bai ƙare ba zazzaɓi ya ɗauke ta, labarin bai iso mini ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Na yi shekaru ina cin raina da tunanin ta tafi ba ta san na zo na tsaya mata ba.

A wannan zuwan da na yi Kano duba Baba ne ƙanwata Rabi, wadda take cikin motar a ranar, ta ba ni sauran labarin. Ta ce tun da aka tashi daga Sabo Inna ta samu wata 'yar huda a jikin tamfol ta manna ido, aka yi aka yi ta zauna ta ƙi. Da aka zo shataletale sai ta damƙe hannun Rabi har ya yi mata ciwo. Na ce to me ta ce? Rabi ta ce cewa ta yi:

"Ga ta can a tsaye. Ji 'yar banza, ta bar kan yaron a rana."

Kai ne yaron, Kabiru. Wannan ce maganar Inna ta ƙarshe da ta iso gare ni.